Lissafin Cindo

Da yatsu shida aka haifi kawuna a hannun dama,
shi ya sa sunan yanka ya ɓace, Cindo ya zauna.
Masassaƙi ne. Ƙirya ta san shi, marke ya san shi.
Shekara ashirin yana rarake turmi da gizago,
ko farce bai taɓa bayarwa ba.

Sai aka kawo mana akwatin talabijin Sankara,
aka ɗora shi kan benci a ƙofar dagaci,
eriya bisa gora, janareta na tari a bayan danga.
Daren Laraba wani kafinta yakan fito,
mai fararen haƙora da agogo,
hannun rigarsa na lilo dab da bakin zarto.
Zarton faifai ne, tsirara, ba murfi ba mayafi.
Da tafin hannu yake tura katako,
idonsa a kanmu, ba a kan ƙarfen ba.
In guntu ya maƙale, ya sa yatsa ya tsame
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ya hure dusa da baki, ya yi dariya, mu yi tafi.

Akwatin baƙi da fari ne.
Ko jini ya zuba a ciki, da inuwa za mu ɗauka.

Kawu bai yi tafi ba.
A hanyar gida ya ce, Ilu, ka gani?
Aikin kwana uku, kafin shayi ya huce.

Ya kai tumaki biyu kasuwar Gujungu,
ya dawo da faifan zarto mai tsatsa da tsohon injin niƙa.
Ya huda tebur, ya ɗaura bel,
ya sa rigarsa mai faɗin hannu,
don na cikin akwatin ma da ado yake aiki.
Barau makanike ya ce a yi wa abin rumfa,
ko ta langa-langa ce.
Kawu ya ce gani ya kori ji,
na akwati ba shi da rumfa.

Kwana goma sha ɗaya abin na tafiya.
Ƙofa ta fito, benci ya fito, har da teburin mai shayi.
Ran na sha biyu, bayan la'asar,
wani katakon maɗaci mai ƙulli ya yi tutsu.
Ban ji ihu ba.
Muryar injin ce ta sauya, kamar wanda ya ƙware da ruwa,
sai dusar ta yi ja.
Ashe abin yana da launi.

A bayan akori-kura muka kai shi Ringim,
hannun a naɗe cikin zanen gwaggo,
ni riƙe da kwano a rufe.
Har yau ban san don me na tsinto su ba.

Da ya farfaɗo ya ƙirga:
shida na zo da su, saura uku.
Ɗaya dama gyara aka yi min, ba na bin kowa bashi.
Biyun nan kuwa kuɗin makaranta ne.

Laraba ta zagayo, ya ce a raka shi kallo.
Mutumin ya fito, yatsu goma cif, yana dariyarsa.
Kawu ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce:
shi in ya kuskure, hoton ake yankewa.

Yau ni ke da shago a bakin titi.
Zartona yana da rumfa.
Yarana kan naɗe hannun riga kafin su ce min ina kwana,
da magariba in ƙirga yatsunsu, sannan in ƙirga musu kuɗi.
Suna nuna min gwanaye a waya, yanzu masu launi.
Ina kallo, ba na tafi.

Sandar da nake tura katako da ita
kawu ne ya sassaƙa min, da ukun da suka rage,
shekarar da zai rasu.
Ƙirya ce, ya yi mata siffar hannu, yatsu shida.
Zarto ya riga ya ci biyu.